Dimitiri Mendeleyef: Ɗan Autan Da Ya Yi Wa Sinadaran Duniya Jere

A filinmu na tarihi na wannan fitowa za mu yi nisa, mu leƙa ƙasar Rasha, mu duba rayuwar wani malamin kimiyya da ya rasu tun 1907, mai suna Dimitiri Mendeleyef. Idan kina da ɗa ko 'ya a sakandare, ɗauki littafinsu na kemistiri ki buɗe. Da wuya ki rasa wani zane mai gida-gida, kowane gida da harafi ɗaya ko biyu, da lamba a samansa. Shi ne jadawalin sinadarai, wanda ake sa yaranmu haddar 20 ɗin farkonsa suna ta ƙunƙuni. To wannan mutumin ne ya kafa shi. Amma kafin mu kai gare shi sai mun bi ta kan mahaifiyarsa, domin ba don ita ba da babu wanda zai ji sunansa.

An haife shi ranar 8 ga Fabrairu, 1834, a yankin Tobolsk da ke Saiberiya, ƙasar da sanyinta ke daskarar da kogi har a bi ta kansa da keken doki. Shi ne auta a gidan da aka haifi 'ya'ya fiye da goma, waɗansunsu sun rasu tun suna ƙanana. Mahaifinsa Ivan shi ne shugaban babbar makarantar garin. A shekarar da aka haifi Dimitiri yana ta rufe wa uban ido, ya rasa aikinsa, gida ya koma kan ɗan kuɗin fansho da bai taka kara ya karya ba.

Matarsa Mariya 'yar gidan fatake ce, danginta sun yi suna a sana'ar gilashi da ɗab'i. Ba a sa ta makaranta ba, domin a zamanin ba a cika yi wa 'ya mace wannan gatan ba, sai dai idan ɗan uwanta ya dawo daga makaranta ta bi darussansa ɗaya bayan ɗaya, da haka ta ilmantar da kanta. Da lalura ta sami maigida, sai ta kwashi iyali ta koma wani ƙauye mai suna Aremziyani inda ɗan uwanta yake da tsohuwar masana'antar gilashi da ta kusa durƙushewa, ta karɓi ragamarta. Ke dai ki ƙiyasta, mace da miji makaho da tarin 'ya'ya, ita ce mai lissafi, ita ce mai biyan leburori, ita ce mai neman kasuwa. A nan Dimitiri ya tashi yana kallon yadda ake zuba yashi da toka da farar ƙasa a tanderu, wuta ta narkar da su, a fito da abu garai-garai wanda bai yi kama da ko ɗaya cikin ukun ba.

A 1847 uban ya rasu. A 1848 gobara ta cinye masana'antar ƙurmus. Wata macen da nan za ta haƙura, babu kuwa mai ganin laifinta. Mariya tana da shekara sama da 50 a lokacin, manyan 'ya'yanta sun kama gabansu, saura Dimitiri da yayarsa Elizabeta. Yaron ma ba wani zakara ba ne a aji, ya tsani darasin Latin, sai dai lissafi da kimiyya suna shiga kansa. Ita ta ga abin da malamansa ba su gani ba. A 1849 ta tattara ɗan abin da ya rage, ta ɗauki yaran biyu suka kama hanyar Mosko, tafiyar sama da kilomita 2,000 a keken doki, ta kan duwatsun Ural, tun ba a shimfiɗa layin dogo a can ba.

Da suka isa, jami'ar Mosko ta ƙi karɓarsa. Dalili kuwa doka ce: ɗalibin da ya gama a wani yanki sai jami'ar yankinsa, su kuma 'yan Tobolsk a ƙarƙashin Kazan suke. Ba ta juya gida ba. Suka wuce Sen Fitasbag, babban birnin ƙasar a wancan lokaci, can ma jami'a ta rufe ƙofa. Daga ƙarshe a 1850, da taimakon wani tsohon abokin karatun mijinta, aka ɗauke shi a babbar kwalejin horon malamai, wadda ubansa ma ya yi, gwamnati na ɗaukar nauyinsa bisa sharaɗin zai yi koyarwa idan ya gama. 'Yan watanni bayan haka Mariya ta rasu. Allah sarki, ko jarrabawarsa ta farko ba ta ga sakamakonta ba. Ba a daɗe ba Elizabeta ma ta bi ta, tarin fuka ya ɗauke ta. Shi kansa ya kwanta yana tarin jini har likitoci suka fitar da rai da shi, amma a gadon asibitin kwalejin ya ci gaba da karatu, ya gama a 1855 da lambar zinariya. Shekaru 37 bayan rasuwarta, a 1887, ya wallafa wani babban littafi a kan yadda abubuwa ke narkewa a ruwa, ya sadaukar da shi gare ta.

Mene ne wannan ilmi da ta sayar da komai dominsa?

Bari mu ajiye labarin kaɗan mu shiga kicin, in ba haka ba ba za ki ga girman abin da ya yi ba. Ɗauki gawayi ki daka, ki sake dakawa, ki niƙe shi ya zama gari. Da a ce kina da turmin da zai ci gaba da rarraba shi, za ki isa wani ɗan ƙanƙanin abu wanda idan aka fasa shi ya daina zama gawayi. Shi ne atam, wanda wasu ke kira ƙwayar zarra. Ƙanƙantarsa ta wuce misali, sai an jera miliyoyinsa kafin su cika milimita 1 a kan abin awon tela.

Abin da duk atam ɗinsa iri ɗaya ne, shi ake kira sinadarin asali. Zinariya sinadarin asali ce, haka azurfa, ƙarfe, jan ƙarfe, dalma, kuza, zaiba, farar wuta, da kabon wanda shi ne jigon gawayi, da iskar oksijin da muke shaƙa. Duk sauran abin da kike gani a gidanki, daga ruwan randa zuwa zanen jikinki, haɗi ne na waɗannan. Kuma haɗin ba irin na shinkafa da wake ba ne da za ki iya tsince kowanne. Dubi gishiri. Sodiyam wani ƙarfe ne mai taushi da ake yankawa da wuƙa, idan ya taɓa ruwa sai ya hau tafasa, wani lokaci har ya kama da wuta. Kulorin kuma iska ce mai guba, launinta tsakanin kore da rawaya. Amma idan atam ɗaya na wannan ya kama ɗaya na wancan, sai ga gishirin da babu miyar da za ta yi daɗi ba da shi ba.

Masana sun ba kowane sinadarin asali alama ta harafi ɗaya ko biyu, tsarin da wani ɗan Suwidin mai suna Berzelius ya fito da shi wajen 1813. H haidirojin, O oksijin, C kabon, Cl kulorin. Yara kan rikice da waɗanda harafinsu bai dace da sunansu ba, don an ɗauko su daga Latin: Fe ƙarfe, Au zinariya. Na ta sodiyam daga natiriyam take, wadda asalinta sunan irin gishirin tafki ne ɗan uwan kanwarmu. K ta potasiyam kuwa daga kaliyam, ita kuma tushenta kalmar Larabci ce, ƙali, wato tokar tsirrai, irin wadda iyayenmu ke tacewa su yi ruwan toka.

Idan aka haɗa alamomin nan aka nuna atam nawa na kowanne ya shiga, shi ne fomula. Gishiri NaCl, ɗaya da ɗaya. Ruwa H2O, haidirojin biyu oksijin ɗaya. Yashi SiO2. Alli CaCO3. Sukari C12H22O11, kin ga shi ya sa idan ya ƙone a tukunya yake komawa baƙi ƙirin, ruwan ya tafi ya bar kabon. Kada ki raina 'yar lambar nan ta ƙasa, 'yar uwa, wani lokaci rai ne a kanta. CO2 ita ce iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi, ita ce kuma ke sa kullun fanke ya tashi. Cire oksijin ɗaya ta koma CO, ita ce wadda ke fita daga gawayin da aka shiga da shi ɗaki aka rufe ƙofa da taga lokacin hunturu, ko janareton da aka tayar a cikin gida. Ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin, a kwana lafiya a wayi gari da gawawwaki. Haka kuma kada ki taɓa gauraya ruwan bilic da maganin wanke masai mai asid, kulorin ɗin nan mai guba ce ke tashi.

To a zamanin da Mendeleyef yake saurayi, wannan fomula da yaro ke rubutawa yau ba tare da tunani ba, manyan farfesoshi faɗa suke yi a kanta. Ba wanda ya taɓa ganin atam, sai dai a auna nauyin abubuwan da suka haɗu a yi lissafi. An san cewa a cikin ruwa, duk giram 1 na haidirojin yana tare da giram 8 na oksijin. Idan ka ce ruwa HO ne, kamar yadda John Dalton na Ingila ya ɗauka a farkon ƙarnin, to atam ɗin oksijin ya ninka na haidirojin sau 8 ke nan. Idan ka ce H2O ne, sau 16. Kowa da nasa lissafin. Akwai littafin wani masani Bajamushe, Kekule, da ya jera fomula 19 daban-daban da ake rubuta wa asid ɗin da ke cikin binega, abu ɗaya tak. Kamar kasuwa ce da kowane mai awo ya zo da nasa mudun.

Bayan ya yi jinya da koyarwa a kudancin ƙasar, a Simferofol da Odesa, Mendeleyef ya dawo birni ya yi digiri na biyu, sannan a 1859 gwamnati ta tura shi Heidelberg ta Jamus ƙaro ilmi. Yana can aka kira taron masana kemistiri na duniya na farko a garin Karlsruhe, cikin Satumba 1860, mutum kimanin 140, don a sasanta wannan rikici. An tashi taron ba a daidaita ba, amma wani ɗan Italiya, Cannizzaro, ya yi bayanin yadda za a gano nauyin atam na gaskiya ta hanyar auna iska da tururi, bisa wata tsohuwar fahimta ta ɗan ƙasarsu Avogadro da aka yi watsi da ita shekara kusan 50. Mendeleyef yana ɗan shekara 26 yana zaune yana saurare, ya koma gida da mudu guda: haidirojin 1, kabon 12, naitirojin 14, oksijin 16, sodiyam 23.

Ya dawo da bashi a wuyansa. Cikin 'yan watanni ya rubuta littafin karatu na kemistiri wanda ya ciyo masa kyautar Demidof, ya rage bashi, ya yi aure a 1862. A 1867 ya zama farfesan kemistiri a jami'ar Sen Fitasbag, wadda ta ƙi ɗaukarsa ɗalibi.

Jeren da ya yi

Abin da nake so ki lura da shi, matsalar malamin aji ce ta kai shi ga abin da ya gano. Ya duba bai ga littafin da ya gamsar da shi da zai ba ɗalibansa ba, sai ya zauna rubuta nasa, Ginshiƙan Kemistiri. A lokacin sinadaran asali 63 aka sani. Ya gama juzu'i na farko bai taɓo fiye da 8 ba, saura 55, ga mai ɗab'i na jira. Da wanne zai fara, wanne zai biyo? Duk wadda ta taɓa tsara darasi ta san wannan ciwon kai.

An riga an san waɗansu sinadaran dangi ne. Litiyam, sodiyam da potasiyam duk ƙarafa ne masu taushi da ba sa shiri da ruwa, kuma kowanne yana kama kulorin ɗaya da ɗaya: LiCl, NaCl, KCl. Magniziyam da kalsiyam kuwa bibbiyu suke kamawa: MgCl2, CaCl2. Fulorin, kulorin, buromin da aidin su ma 'yan ɗaki ɗaya ne. Kin ga fomula ita ce ke tona asirin dangantaka. Abin da ya rage shi ne igiyar da za ta ɗaure dangogin gaba ɗaya. Da ya jera su bisa nauyi, daga mafi sauƙi zuwa sama, sai ya ga hali yana dawowa kamar yadda ranar kasuwa ke zagayowa. Litiyam 7, a wuce 'yan gidaje sai sodiyam 23 mai irin halinsa, a sake wucewa sai potasiyam 39. Fulorin 19, sai kulorin 35.5, can gaba buromin 80. Kamar kalanda ce, idan kika yanke kwanaki bakwai-bakwai kika jera su, duk Juma'o'i sai su faɗo a layi ɗaya. Ranar 1 ga Maris, 1869 ya kammala zanen farko ya aika ɗab'i. Ranar da aka karanta takardar a gaban ƙungiyar masana kemistiri ta Rasha ma ba ya nan, abokinsa Menshutkin ne ya karanta, shi ya tafi ƙauyuka duba wuraren yin cuku da aka ba shi aikin dubawa.

Za ki ji ana cewa a mafarki ya ga jadawalin. Wani abokinsa ne ya ba da wannan labari daga baya, amma takardun da ya bari cike suke da gogewa da sake rubutu, aikin mutumin da ya yi shekaru yana juya abu a ransa.

Ba shi kaɗai ya hango zagayowar ba. John Newlands a Ingila ya faɗi makamancin haka a 1865 aka yi masa dariya, Lothar Meyer a Jamus ma ya yi nasa jadawalin mai kyau. Abin da ya bambanta Mendeleyef shi ne ƙarfin hali. Ki tuna jeren amarya, kwanuka saiti-saiti, kowane saiti daga babba zuwa ƙarami. Idan kika shiga ɗakin kika ga saiti ɗaya ya yi tsalle daga na biyu zuwa na huɗu, ba za ki matso da su ki rufe gurbin ba, kin san akwai na uku da ba ya nan, kuma za ki iya faɗin girmansa da launinsa da irin zanen murfinsa ko ba ki taɓa ganinsa ba. Haka ya yi. Inda sinadari na gaba bai dace da dangin da ya faɗo ciki ba, sai ya tura shi gaba ya bar gida babu kowa, ya ce akwai mai gidan, ba a dai gano shi ba tukuna.

Har ma ya ce wa masu awo sun yi kuskure. Ana ɗaukar beriliyam yana haɗuwa da oksijin a Be2O3, wanda ya sa nauyinsa ya kama wajen 14, wurin da babu gurbin ƙarfe ko kaɗan. Ya ce fomular BeO ce, nauyin ya koma 9, sai ga shi ya zauna daram a kan magniziyam, ɗan uwansa. Yuraniyam, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar, ana ba shi 120, ya ninka ya ce 240 ne, yau kuwa 238 ake rubutawa. Teluriyam ya fi aidin nauyi kaɗan, bisa ƙa'ida aidin ne zai riga, amma ya sa teluriyam a gaba don aidin ya faɗa ɗakin su kulorin inda halinsa ya nuna nan ne gidansu.

A 1871 ya zaɓi gurabe uku ya yi musu bayani dalla-dalla: nauyinsu, kaurinsu, fomular da za su yi da oksijin da kulorin. Masana da yawa suka ɗauke shi mai cika baki. A 1875 wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, ya gano sabon ƙarfe ya sa masa suna galiyam, ƙarfen da ɗumin tafin hannu ke narkar da shi. Mendeleyef ya ce ai nawa ne, wanda na ajiye wa gida a ƙarƙashin alminiyam. Ya yi hasashen nauyin 68, aka samu kusan 70. Sai dai Bafaranshen ya auna kaurinsa ya samu ya ninka na ruwa sau 4.7, shi kuwa Mendeleyef daga Rasha, bai taɓa ganin ƙarfen da idonsa ba, ya rubuta cewa a sake awo, wajen 5.9 ya kamata a samu. Mutumin ya ƙara tace ƙarfensa ya sake aunawa, 5.9. Tabɗi! A 1879 Nilson ya gano sikandiyam a Suwidin, ya cike gurbi na biyu. A 1886 Winkler ya gano jamaniyam a Jamus, wanda gidansa ke tsakanin silikon na cikin yashi da kuza irin ta Jos. An yi masa hasashen nauyi 72, aka samu 72.6, kauri 5.5, aka samu kusan 5.4. Daga nan bakin masu musu ya mutu.

Amma kada in nuna miki shi kamar wanda ba ya tuntuɓe. Waɗansu hasashen nasa ba su tabbata ba, har da wasu sinadarai biyu da ya ce sun fi haidirojin sauƙi, babu su. Da aka gano iskar argon a Ingila a 1894, wadda ba ta haɗuwa da kowa balle a yi mata fomula, ya daɗe yana cewa naitirojin ce ta sake kama, sai da aka gano 'yan uwanta irin su niyon sannan ya yarda aka buɗe musu sabon layi a gefen jadawalin. Ya tsufa kuma yana ƙyamar maganar cewa atam na da 'ya'yan ciki ko yana iya rikiɗa ya zama wani, alhali nan ne amsar tambayar da ta dame shi take.

Mutum ne mai zafin rai da faɗa, gashi da gemu buzu-buzu, an ce sau ɗaya yake aski a shekara. Hutunsa shi ne haɗa akwatunan tafiya da hannunsa. Bai tsaya a aji ba: ya yi gwajin takin zamani a gonarsa ta Boblobo, ya je Baku nazarin man fetur, ya kuma je Amurka a 1876 don wannan aikin, a 1887 kuma ya hau balan-balan shi kaɗai don kallon husufin rana, alhali bai taɓa tuƙa shi ba. Ya koyar a azuzuwan ilmi mai zurfi na mata tun jami'o'in ƙasarsa ba sa karɓarsu, daga baya kuma ya ɗauki mata aiki a ma'aikatarsa. Wanda ya ga abin da uwarsa ta yi, ai ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A gida fa labarin bai yi daɗi haka ba. Matarsa ta fari, Feyozba, ta girme shi da 'yan shekaru, yayarsa ce ta haɗa auren, kuma zaman bai yi armashi ba, ita tana ƙauye da yara shi yana birni da aiki. Yana da shekara 40 da 'yan kai ya kamu da son wata yarinya mai koyon zane, Anna Fofoba, wadda ya ba wa shekara 26. A 1882 ya rabu da ta farin ya auri Anna, duk da cewa dokar cocinsu ta hana wanda ya yi saki sake aure sai bayan shekaru, har limamin cocin da ya ɗaura auren ya rasa muƙaminsa. Masu rubuta tarihinsa sukan wuce wurin nan da murmushi, ni kuwa tausayin Feyozba nake ji, wadda ta yi shekara 20 da shi tun yana fama da bashi, aka zo cin daɗi da wata. Ya haifi 'ya'ya huɗu da Anna, babbarsu Liyubof ta auri shahararren mawaƙin Rasha Aleksanda Blok.

Hukuma ma ba ta sake da shi ba. A 1880 Majalisar Masana Kimiyya ta ƙasarsa ta ƙi zaɓensa cikakken mamba, duk da ƙasashen waje na ta karrama shi, Ingila ta ba shi lambar Davy a 1882 tare da Meyer. A 1890 ɗalibai suka yi bore, ya karɓi takardar kokensu ya kai wa ministan ilmi da hannunsa, minista ya dawo da ita da gargaɗi, shi kuma ya ajiye aikin jami'a bayan fiye da shekara 30 yana koyarwa a cikinta. A 1893 aka ba shi shugabancin hukumar awo da ma'auni, aikin tabbatar da cewa sikeli da mudun kowace kasuwa a faɗin Rasha sun zama ɗaya, nan ya zauna har ƙarshen ransa. A 1906 kwamitin kyautar Nobel ya ba da sunansa, aka yi ta ja-in-ja, aka ba Bafaranshe Moissan.

Dalilin da ya sa jeren nasa ya yi daidai bai bayyana ba sai bayan ransa. A 1913 wani matashi ɗan Ingila, Henry Moseley, ya nuna cewa abin da ke ba kowane sinadari gidansa lamba ce da ke cikin cibiyar atam, wato yawan ƙwayoyin da ake kira furoton: haidirojin 1, kabon 6, oksijin 8, ƙarfe 26, zinariya 79. Ita ce lambar da ke saman kowane gida a littafin ɗanki. Teluriyam 52 ne, aidin 53, ashe yadda ya jera su daidai ne. Zagayowar hali kuma daga ƙwayoyin lantarki ne da ke kewaye cibiyar hawa-hawa: sodiyam na da guda ɗaya a hawan waje da yake neman yarwa, kulorin na neman guda ɗaya ya cike nasa, shi ya sa gishiri ɗaya da ɗaya ne. Yau gidajen jadawalin 118 ne, an raɗa wa na ƙarshensu suna a 2016. Gida na 101, wanda masana a Kalifoniya suka ƙera a 1955, atam 17 kacal suka samu a gwaje-gwajen farko, sunansa mendelebiyam, alamarsa Md.

A ƙarshen rayuwarsa shi ma yanar ido ta kama shi kamar ubansa, aka yi masa aiki ya samu sauƙi. Sanyi ya shige shi a hunturun 1907, ya taɓa huhu, ya rasu ranar 2 ga Fabrairu, saura kwana 6 ya cika shekara 73. Dubban mutane suka raka gawarsa cikin ƙanƙara, ɗalibai na gaba ɗauke da babban allon jadawalin. An binne shi a maƙabartar Bolkobo ta Sen Fitasbag, kusa da kabarin Mariya.